Yadda ake cinikin sabuwar mota ba tare da an ƙware mai saye ba

Da yawa daga cikin masu sayen sabuwar mota suna tafka asara ne tun kafin su buɗe baki su yi tayi, domin suna shiga wurin dila ba su san nawa ake sayar da irin motar a wasu wurare ba, ba su kuma san abin da kuɗin da aka faɗa musu ya ƙunsa ba. Abin da ya kamata a yi ciniki a kansa adadi ɗaya ne tak, wato jimillar kuɗin da zai fita daga aljihunka har motar ta hau titi da lamba, da inshora, da takardu masu ɗauke da sunanka. Duk wani adadi da aka ambata maka wanda bai kai nan ba, somin-taɓi ne kawai, kuma a cikin abin da ya rage ne ake mayar da ragin da ka sha wahala kafin ka samu.

Kafin komai, ka tantance wane irin mai sayarwa ne a gabanka. Akwai wakilan da kamfanonin ƙera motoci suka amince da su, kamar Toyota Nigeria Limited da dilolin da ke ƙarƙashinsa, ko Coscharis mai wakiltar BMW da Ford. Akwai masu harhaɗa motoci a cikin gida, irin su Innoson da ke Nnewi a jihar Anambra, da masana'antar Peugeot ta Kaduna. Sannan akwai 'yan kasuwa masu zaman kansu da ke shigo da sababbin motoci daga Dubai ko Amurka su jera a filayensu a Kano, Kaduna, Abuja da Legas. Waɗannan na ƙarshe sau da yawa sun fi sauƙin farashi, kuma sun fi sakin jiki a wajen ciniki, sai dai garantin motarsu ba lalle ne wakilin kamfani na Najeriya ya amince da shi ba. Kamfanoni da dama suna ba da garantin shekara 3 ko tafiyar kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, kuma wannan alkawari kuɗi ne, domin giyar mota ta zamani idan ta lalace gyaranta na iya cinye miliyoyi. Saboda haka bai dace ka kwatanta farashin mai garanti da na marar garanti kamar abu ɗaya ba ne.

Bayan ka tsayar da irin motar da kake so, ka nemi farashi a rubuce daga wurare uku ko fiye, kowanne a kan takardar kamfani mai hatimi, wadda ta fayyace samfurin motar, shekararta, girman injinta, irin giyarta da kuma ajinta. Batun aji yana da muhimmanci ƙwarai, domin Corolla ko Hilux guda ɗaya tana da aji-aji, kuma tazarar kuɗi tsakanin ƙaramin aji da babba tana da yawa, alhali daga waje kusan kamanninsu ɗaya. Ka kuma nemi a rubuta kwana nawa farashin zai tsaya bai canza ba. Wannan takarda ita ce makaminka, domin dila ba ya jin tsoron mai cewa ya ji ana sayarwa da arha a wani wuri, amma yana natsuwa idan aka ajiye masa takardar abokin gasarsa a kan tebur.

Hujjar da za ka fi ji a bakin kowane dila ita ce dala. Tun watan Yunin 2023 da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira, farashin motoci ya yi tashin gwauron zabi, kuma kuɗin kwastan ma yana bin canjin dala. Hujjar tana da gaskiya a cikinta, domin wanda ya sayar da mota yau dole ya sayo madadinta da canjin yau, kuma mai saye mai adalci ba zai musanta wannan ba. Amma hujjar da ta tayar da farashi lokacin da naira ta faɗi, ita ce kuma ya kamata ta sauko da shi lokacin da naira ta farfaɗo, kuma a nan ne dilolin da yawa suke yin shiru. Ka duba canjin ranar kafin ka fita daga gida, ka kuma tambayi yaushe aka fitar da motar daga tashar jirgin ruwa, tunda kwanan watan yana kan takardar kwastan. Motar da ta kwashe wata takwas ko shekara a fili ta danne wa mai ita jari, kuma ya fi kowa son rabuwa da ita, ko da bai nuna ba.

Daga nan sai a warware jimillar dalla-dalla. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, kuma a misali, idan an ce mota naira miliyan 40 ce ba tare da haraji ba, to akwai miliyan 3 da ke jiranka a gefe. Mutumin da ya yi awa biyu yana ja-in-ja har aka rage masa miliyan ɗaya, sannan a wajen biya aka ɗora masa miliyan 3 ɗin da bai tambaya ba, bai ci riba ba. Haka nan akwai kuɗin lamba da rajista, da inshora, da kuɗin kawo motar idan daga Legas za a ɗauko ta. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta koma naira 15,000 a shekara tun watan Janairun 2023, amma cikakkiyar inshora, wadda ita ce ta dace da sabuwar mota, ana lissafa ta ne bisa darajar motar, kuma kana da damar neman ta da kanka a kamfanin da ka ga dama maimakon karɓar wadda dila ya zaɓa. A batun kawowa kuma, ka tsaya a kan cewa a ɗoro ta a tirela. Motar da aka tuƙo kusan kilomita 1,000 daga Legas zuwa Kano a hannun direban da ba ka sani ba, ta riga ta sha wahalar da ba a rubuta a rasit ba.

Sai batun dillali, wanda a kasuwarmu ba a raba shi da ciniki. Dillali na gaskiya yana da amfani, domin ya san inda kaya suke, ya kuma san wanda ke cikin matsin kuɗi. Matsalar tana wajen 'yan kayi-nayi, waɗanda za su je su gaya wa mai mota cewa ya ɗora musu nasu a kan farashi, sannan su dawo su karɓi la'ada a hannunka, ka ga sun ci gaba sun ci baya. Maganin wannan shi ne a yanke la'ada tun farko, a faɗi adadinta da wanda zai biya ta, kuma ka nemi a haɗa ka da mai motar ko manajan wurin ido da ido. Dillalin da ya ƙi yarda ku haɗu da mai kaya, akwai abin da yake ɓoyewa. Ni a ganina ya fi kyau ka ba shi tsayayyen kuɗi, ko ka yi masa alkawarin wani kaso daga ragin da ya samo maka, domin idan la'adarsa tana ƙaruwa ne da tsadar mota, to ba shi da dalilin taya ka neman sauƙi.

Ranar cinikin kanta, ka tafi da mutum ɗaya mai sanyin rai wanda ya san mota, kada ka tafi da ayarin iyali da za su riƙa yaba launi da kujeru a gaban mai sayarwa. Ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ka zauna, kada ka nuna gaggawa. Tambayar farko da za a yi maka yawanci ita ce, "Alhaji, nawa ka tanada?" Kada ka amsa da adadi, domin duk abin da ka faɗa shi zai zama ƙasan farashi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, kai ne mai kaya, faɗi kuɗinta na gaskiya da komai da komai a ciki." Idan ya faɗa, sai ka yi tayi ƙasa da mafi arhar takardun da ke hannunka, amma tayi mai ma'ana, domin tayin wulaƙanci yana rufe ƙofar magana, kuma ribar sabuwar mota a wurin wakilin kamfani ba ta kai faɗin ta 'yar Kwatano ba. Zai ce albarka. Wannan ba ƙarshen zance ba ne. Ka yi shiru kaɗan, ka bar shi ya sauko da nasa adadin kafin ka ƙara ko sisi, kuma duk ƙarin da za ka yi ya kasance ƙasa da wanda ya gabace shi, yadda zai fahimci cewa ka kusa kai iyakarka. Idan ya ce bari ya shiga ya tambayi maigida, ka bar shi ya je, amma idan ya dawo kada ka ɗauki dawowar a matsayin dalilin ƙara kuɗi.

Za ka iya jin cewa wani ya riga ya taya ta sama da naka kuma yana kan hanya da kuɗi, ko ma wani ya shigo a gabanka ya yi tayi mai tsoka alhali ba saye zai yi ba. Wannan na biyun shi ne najashi da shari'a ta haramta, kuma amsarsa ɗaya ce ko gaskiya ne ko shiri: "Allah ya sa albarka, idan bai zo ba ga lambata." Ka tashi cikin mutunci ka tafi. Sabuwar mota ba guda ɗaya aka ƙera ba, kuma wanda zai iya tashi ya bar ciniki shi ne ke riƙe da linzami. Lokaci ma yana taimakawa, domin ƙarshen wata da ƙarshen shekara, da lokacin da sabon samfuri ya iso aka matsu a rabu da na bara, sun fi makonnin gab da sallah, lokacin da masu saye suke da yawa.

Idan farashi ya tsaya cak, ka koma neman gyara. Dila da ba zai iya taɓa farashin kamfani ba yana iya ɗaukar nauyin lamba da rajista, ko sabis na farko da na biyu kyauta, ko na'urar bin sawun mota, ko kuɗin tirela. Duk abin da aka yi maka alkawari a rubuta shi a takardar ciniki, domin ma'aikacin da ya yi maka alkawari da baki yana iya barin aiki kafin lokacin sabis ya zo.

Abu biyu kuma kada ka bari a cakuɗa su da farashi. Na farko shi ne tsohuwar motarka, idan kana son a karɓa ka yi ciko. Ka gama cinikin sabuwa tukuna, sannan ka fito da maganar tsohuwa, bayan ka riga ka sa an taya ta a waje ka san kuɗinta, in ba haka ba za a yi maka ragi da hannun dama a karɓe da na hagu. Na biyu shi ne biya kashi-kashi. Bankuna irin su Jaiz, TAJ da Lotus suna sayen mota su sayar wa mutum bisa tsarin murabaha, inda ake faɗin riba tun farko kuma ba ta canzawa. Ko a nan sai ka fara karya farashin a wurin dila, tunda a kansa banki zai ɗora ribarsa. Kuma ka dubi jimilla, kada ka dubi abin da za ka riƙa biya a wata. A misali, naira miliyan 1.2 a wata na tsawon wata 36 ya kama miliyan 43.2, alhali miliyan ɗaya a wata na tsawon wata 48, wanda ya fi daɗin ji, ya kama miliyan 48.

Idan an sallama kuma aka nemi kafin alƙalami, ka ba da kaɗan, a rubuta lambar shasin motar da aka ware maka, da ranar da za a miƙa ta, da sharaɗin cewa za a mayar maka da kuɗinka cif idan aka saɓa. Malaman Malikiyya ba su halatta kafin alƙalamin da mai kaya zai cinye idan ciniki ya fasa ba, kuma ko ta fuskar kasuwanci kawai bai kamata ka yarda da shi ba. Kuɗi kuma a tura su asusun kamfanin da sunansa ke kan rasit, ba asusun yaron shago ko na dillali ba. Ga motar da aka shigo da ita, ka karɓi kwafin takardun kwastan ka kai ofishinsu a tabbatar an biya cikakken kuɗin fito, musamman da yake tun ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da aka kama a hanya saboda takardun bogi, mai riƙe da ita ne zai sha wahala, ba wanda ya sayar ba.

Cikon kuɗi kuwa ya jira sai ka ga motar da rana tsaka. Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, kuma dole wadda ke jikin motar ta yi daidai da ta rasit da ta takardar kwastan, harafi da harafi. Ka duba mitar tafiya, wadda a sabuwar mota bai kamata ta wuce 'yan kilomitoci kaɗan ba. Ka durƙusa ka karanta lambobi huɗun da ke gefen kowace taya, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka yi ta, kamar 2423 da ke nufin mako na 24 na shekarar 2023. Idan tayoyin sun tsufa, motar ta daɗe a ajiye, kuma kana da hujjar neman sabon batir ko ƙarin ragi. Ka bi fenti da ido ta kowane gefe don gano inda aka shafe ƙujewa, ka kunna na'urar sanyi, ka ƙirga makullai biyu, da safaya, da jak, da littafin garanti wanda aka buga wa hatimi da kwanan watan ranar da ka karɓa. Idan akwai abin da ya gaza, a rubuta shi a kan takardar miƙa mota, manaja ya sa hannu, ka riƙe wani ɓangare na kuɗin har sai an cika.