Yadda Za Ka Yi Idan An Tare Ka, An Ci Ka Tara Ko An Ja Motarka a Kaduna

Duk mai tuƙi a garin nan, daga mai Keke da ke jigila tsakanin Kasuwar Barci da Bakin Dogo har ma'aikacin da ke fitowa daga Barnawa kowace safiya, wata rana jami'i zai ɗaga masa hannu. Abin da mutum ya yi bayan nan shi ke yanke ko zai wuce da gargaɗi, ko ya tafi da takardar tara, ko ya koma gida a ƙafa motarsa na bayan janwe. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: duk abin da zai shiga tsakaninka da hukuma a kan titi, ka tabbata ya shiga takarda.

Da farko, san wanda ya tare ka

Hukumomi uku ne za ka fi cin karo da su. Akwai 'yan sanda, da 'yan tirafik ɗinsu masu ba da hannu a mahaɗa. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988 kuma take aiki da dokarta ta 2007. Su za ka fi gani a manyan hanyoyi irin na Kaduna zuwa Abuja, da Kaduna zuwa Zariya, da hanyar Kachia. Sai KASTLEA, hukumar jiha mai kula da dokokin hanya a cikin gari, wadda jami'anta ke tsayawa a danjoji da shataletale, a titin Ahmadu Bello, da Ali Akilu, da Yakubu Gowon, da ƙarƙashin gadar Kawo.

Kowace tana da takardar tararta, da asusun da ake biya, da harabar da take ajiye motoci. Kuɗin tarar jiha ba ɗaya ba ne da na tarayya. Don haka kafin ka ce uffan, dubi kaki, dubi sunan da ke ƙirjinsa, dubi lambar motar sintirin. Wanda ya zo ba kaki, ba suna, ba katin shaida, yana ƙoƙarin buɗe maka ƙofa, kada ka ba shi makulli. Ka ce a kai ka wurin jami'in da ke cikin kaki.

Na biyu, yadda ake tsayawa

Kunna sigina, rage gudu, gangara gefen dama inda ba za ka tare hanya ba. Kada ka taka birki a tsakiyar titi don an ɗaga maka hannu kwatsam, akwai mai Keke a bayanka. Sauke gilashi, rage rediyo, da dare kuma kunna fitilar ciki. Ka riga shi gaisuwa: "Sannu da aiki, Ofisa." Mutumin nan tun safe yake cikin rana da hayaƙi, kuma gaisuwa ba ta rage maka komai. Sannan ka tambaya a natse, "Yallaɓai, mene ne laifina?" Kana da haƙƙin a faɗa maka.

Guduwa ita ce babbar ɓarna. Laifin da bai wuce rashin ɗaura bel ba sai ya koma tuƙin ganganci, kuma a garin guje wa tarar dubu biyu ake kaɗe yara 'yan makaranta. Haka zagi, da "ka san ko ni wane ne", da kiran wani babba a waya ka miƙa wa jami'i. Ko ta yi aiki yau, jama'ar da suka taru sun ga yadda ake taka doka, gobe kuma su za su gwada.

Na uku, takardu

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Lasisin tuƙi mai rai, na shekara uku ko biyar. Takardar lasisin mota ta shekara, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, da inshora. Kuɗin inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga ƙananan motocin gida tun Janairun 2023, kuma 'yan sanda sun tsaurara bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025. Wadda aka yanka maka a gindin bishiya da rabin kuɗi, mai yiwuwa takarda ce kawai. A bincika ta a rumbun bayanan inshora na NIID da lambar motarka. A cikin but kuma a samu safaya mai iska, jak, tukunyar kashe gobara da ba ta ƙare ba, da alamar nan mai kusurwa uku. Ka ɗauki hoton dukkan takardun a wayarka, ka ajiye kwafi a gida.

Na huɗu, idan maganar gudu ce

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne ake asarar rai. Ƙa'idar gudu a Najeriya ga ƙaramar motar gida ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas 50, 80 da 90. Tanka da tirela 45, 50 da 60. Inda aka kafa allo mai lamba ƙasa da haka, kamar gaban makaranta ko asibiti ko inda ake aikin hanya, allon ake bi. Motocin haya kuma tun Fabrairun 2017 ake tilasta musu sa na'urar taƙaita gudu, kuma rashinta laifi ne mai zaman kansa.

Tun da aka faɗaɗa titunan cikin gari aka shimfiɗa sabuwar kwalta, ƙafa ta ƙara nauyi a kan totur. Mutum ya sauko daga gadar Kawo ya ga titi fetal, sai ya manta cikin gari yake. Haka baifas ɗin Nnamdi Azikiwe: hanyar tirela ce, amma gidaje da makarantu da kasuwanni ne hagu da dama, mata da yara na tsallakawa dare da rana.

Ga lissafin da nake so kowane direba ya yi. A gudun 50, motarka na cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. A gudun 100, kusan mita 28. Kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa huɗu take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100. To me ake samu? Daga Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne. Mai gudun 100 zai ci minti 48, mai gudun 120 minti 40. Minti takwas ke nan. A kan minti takwas ake mayar da yara marayu tsakanin Rigachikun da Jaji. Sauri ya haifi nawa, in ji magabata, kuma wanda ya taɓa tsayawa a bakin ɗakin haɗari na asibitin Barau Dikko ya san ba wasa suke yi ba.

Idan aka ce ka wuce ƙa'ida, ka nemi a nuna maka abin da na'urar auna gudu ta nuna. Ka tambaya da ladabi, ka dubi lambar, ka tuna allon da ka wuce na ƙarshe. In ka san ka yi, ka amsa. A jadawalin dokar FRSC ta 2007 tarar gudun wuce ƙa'ida naira 3,000 ce da maki uku a kan lasisi. Rashin bel 2,000. Waya a hannu 4,000. Tuƙi ba lasisi 10,000. Tuƙin ganganci 50,000. Lambobin kan iya sauyawa idan aka gyara doka, don haka abin da ke cikin jadawalin da jami'i ke riƙe da shi ranar shi ne abin dubawa. Makin nan kuma taruwa yake yi, har ya kai ga dakatar da lasisi.

Na biyar, karɓi takarda, kada ka ba da kuɗi a hannu

Nan ne yawancinmu ke zamewa. Mutum na sauri, sai ya ce "Ofisa, a duba mana," ya naɗe 'yar dubu a cikin lasisi. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Na farko laifi ne. Yunƙurin ba jami'in FRSC na goro tararsa naira 10,000 ce a wancan jadawalin. Na biyu, kuɗin da ka bayar a hannu ba shi da shaida, jami'in gaba zai iya tare ka a kan laifin nan dai. Na uku, mu da muke miƙawa mu ne muke koya wa titi cewa doka tana da farashi, sannan mu dawo majalisa muna kuka da lalacewar ƙasa.

Ka ce a rubuta maka. Kafin ka sa hannu, karanta: sunanka, lambar mota, laifin da aka rubuta, wuri, rana da lokaci, adadin kuɗi, sunan jami'i. In an karɓi lasisinka ko wata takarda, a rubuta a jikin tikitin cewa an karɓa. In ba ka iya karanta Turanci ba, babu kunya a ciki, ka kira wanda ka yarda da shi ka tura masa hoto.

Tarar FRSC ta Remita, wato dandalin biyan kuɗi ta intanet, ake biya: a fitar maka da lambar biya, ka biya a banki ko ta waya, kuɗin ya shiga asusun gwamnatin tarayya. Tarar jiha kuma asusun gwamnatin jiha take shiga, don Kaduna ta daɗe da hana karɓar kuɗin shiga a hannu. Duk wanda ya ba ka lambar asusu mai sunan mutum, ko ya ja ka gefe wurin wani mai POS ya ce a cire a ba shi, ka ƙi. A bakin ofisoshi kuma ba a rasa 'yan "kawo in taimaka maka". Ka shiga da ƙafarka. Bayan biya ka kai rasit ofishin da aka rubuta, a wasu lokutan a zaunar da kai ɗan darasin wayar da kai, sannan a mayar maka da takardunka.

In kuwa ka tabbata ba ka yi laifin ba, titi ba wurin shari'a ba ne. Karɓi takardar, ɗauki hoton wurin da allon da danjar, nemi lambar wanda ya gani, ka je wurin shugaban ofishin ka yi bayani. In bai gamsar da kai ba, ka ce kana son a je kotu. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma ko a kotun tafi-da-gidanka alƙali ne ke zaune, za a tambaye ka ko ka amsa laifi. Sai dai ka sani, in kotu ta same ka da laifi, hukuncin na iya fin tarar farko.

Na shida, janwe

Abin da ke jawo janwe sananne ne: fakin inda aka hana, fakin layi biyu a bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, hawa kan hanyar masu tafiya a ƙafa, tare ƙofar asibiti ko mahaɗa, da barin motar da ta lalace a kan titi. "Minti biyu kawai zan yi" ita ce maganar da ta fi kai motoci harabar hukuma. Ranar Juma'a ma, a nemi wurin da ba zai toshe hanyar motar asibiti ba. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, balle a ce kai ne ka ajiye shi.

In motarka ta mutu a hanya, kunna fitilun gargaɗi, tura ta gefe, kafa alamar kusurwa uku da nisa a bayanta, ka kira bakanike ko janwe da kanka. A babbar hanya ka kira 122, lambar gaggawa ta FRSC, kyauta ce. Ganye da duwatsun da aka jera a titi a kwashe su kafin a tafi, don da dare su ke kayar da mai babur.

In ka fito ka tarar ana ɗaure motarka, kada ka kwanta a gabanta, kada ka faɗa ciki ka kulle. Ka gabatar da kanka, ka roƙa a rubuta maka tara a bar maka motar. In an ƙi, ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, kwashe waya da kuɗi da takardu, ka tambayi harabar da za a kai ta. Ga wani abu da mutane ba su cika lura ba: mota otomatik ba a jan ta tayoyin da ke tura ta suna ƙasa, giya ce ke lalacewa. Yawancin Corolla da Camry da Honda da ke garin nan tayoyin gaba ne ke ja, don haka gaban ake ɗagawa, ko a ɗora ta gaba ɗaya a kan janwe mai shimfiɗa. Faɗa musu tun kafin a ɗaga.

In kuma ka fito ba ka ga mota ba sam, tambayi masu shago da maigadi na kusa, su suka ga wanda ya ɗauka. In babu wanda ya ga janwe, wuce ofishin 'yan sanda mafi kusa ka ba da rahoto nan take.

Kada ka bar ta ta kwana biyu. Akwai tarar laifi, akwai kuɗin ja, akwai kuɗin ajiya da ke ƙaruwa kullum. A dokar FRSC kuɗin ajiya na fara hawa bayan awa 24, kuma motar da ta yi wata shida ba a zo nema ba hukumar na iya neman babbar kotu ta ƙwace ta. Ka je da katin shaida, da shaidar mallaka, da rasit na kowane biya daban. In motar ba da sunanka take ba, ka zo da mai ita ko da wasiƙarsa da kwafin katinsa.

Kafin ka sa hannu cewa ka karɓa, zagaya motar ka gwada da hotunan da ka ɗauka. Duba bamba, madubai, batir, safaya da jak, ka tayar da ita ka gwada giya a cikin harabar. In akwai ɓarna, nuna wa jami'in da ke bakin aiki a rubuta tun motar ba ta fita ƙofa ba, sannan ka kai ƙorafi a rubuce ga shugaban ofishin, da rana da lokaci da lambar tikiti. Na 'yan sanda akwai sashen karɓar ƙorafi na CRU, sauran hukumomin ma suna da teburin ƙorafi a hedikwatarsu. A buga maka hatimi a kwafin da za ka riƙe, ka haɗa shi da rasit ɗin ka ajiye tare da takardun motar.