Yadda za ka kafa zaman karatun Girka da Rum ta idon baƙar fata

Mu shida ne, duk Asabar bayan la'asar, a ɗakin wata abokiyar karatuna 'yar Gana a nan Amurka. Tsarin mun aro shi daga ƙungiyar Eos, wadda wasu malamai suka kafa a 2017 domin masu nazarin yadda 'yan Afirka da jikokinsu suka karanta Girka da Rum. A tatsuniyar Girkawa, Eos ita ce alfijir, kuma uwar Memnon, sarkin mutanen da suke kira Aithiopes.

Kada ka tara taro. In an wuce takwas, wasu za su yi gum har a tashi.

Kullum ku zaɓi nassi biyu gajeru: ɗaya na dā, ɗaya na baƙar fatan da ya ɗauki na dā ɗin ya yi magana da shi. Wannan shi ne ƙashin bayan zaman. Ranar farko mun ɗora waƙar Phillis Wheatley, baiwar da aka kai Boston, wadda aka buga littafinta a 1773, kusa da wasan kwaikwayon Terence, marubucin tsohuwar Rum. Shi ma bawa ne, haifaffen Carthage, a Tunisiya ta yau. Da muka zo baitin da Wheatley ta ambace shi, mai masaukinmu ta ajiye takardar, ta ce a sake karantawa. Sau uku muka maimaita, shayi ya huce.

Wanda bai iya Latin ko Girkanci ba, kar a bar shi a baya. Mutum ɗaya ya karanta asalin da ƙarfi, saura su bi fassara.

Abin da na fi tsayawa a kai shi ne hujja. Septimius Severus, da ya hau mulkin Rum a 193, ɗan Leptis Magna ne a Libiya, amma haihuwa a Afirka kaɗai ba ta nuna launin fatar mutum. Ku duba aikin Frank Snowden na Jami'ar Howard, wanda ya bi gumaka da zanen tukwane ɗaya bayan ɗaya don ganin yadda Girkawa da Rumawa suka siffanta baƙar fata.

Ku nemi ɗaliban Jami'ar Ibadan da ta Gana da ke Legon, inda ake koyar da fannin, su shigo ta Zoom. Mu da aka samu mai shigowa daga can, sai muka dawo da zaman hantsi, don kar dare ya yi musu.