Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen wuƙar aljihu mai kayan aiki

Babban kuskuren shi ne kwaɗayin yawan kayan aiki. Mutum ya ga SwissChamp ta kamfanin Victorinox, wanda Karl Elsener ya kafa a garin Ibach na Switzerland a 1884, aka ce masa tana aiki iri 33, sai ransa ya biya. Nauyinta kuwa ya kai giram 185. Ka saka ta a aljihun kaftani, ka ga rigar ta rinjaya gefe guda, tana dukan cinyarka in kana tafiya. Kafin sati biyu ta koma durowa. Kaurin wuƙar nan daga yawan layukan ƙarfen da ke cikinta yake zuwa, don haka ka juya ta ka ƙirga su ta baya. Layi biyu ya isa yawon kullum. Cadet, wata ƙaramar wuƙar Victorinox mai ƙotar alminiyam, tsawonta milimita 84, nauyinta bai kai giram 50 ba, har mantawa kake tana jikinka. Amma ka sani, ba ta da matsefata da tsinken sakace irin na masu ƙotar roba.

Kafin ka biya kuɗi, ka tuna abin da hannunka ya nema a satin da ya wuce: yanke igiya, farke kwali, fere lemo, ɗaure sukurun soket. Nan ne mutane ke ruɗewa tsakanin Spartan da Tinker, wuƙaƙen Victorinox guda biyu, don kamarsu ɗaya, duka milimita 91. Bambancin yana bayansu. Spartan na da murɗaɗɗen ƙarfen cire toshiyar kwalbar giya, Tinker kuma sukundireba mai baki huɗu. Ga mafi yawanmu, Tinker ce mai amfani. In filaya kake bukata kullum, ka nemi ta kamfanin Leatherman, ka haƙura da nauyinta.

Akwai kuma jabu. Victorinox ta gaskiya tana da sunan kamfanin a gindin ruwan wuƙar, kuma in ka buɗe za ka ji ta zauna daram da ƙara ƙas, ba girgiɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɓata mai kyau bayan an saya. Ruwan ƙananan nan ba ya kullewa, sifirin na ƙarfe ne kawai ke riƙe shi. In ka soka da ƙarfi ko ka ɓamɓari murfin fenti da shi, ko tsinin ya karye, ko ya naɗe a kan yatsanka. Kada kuma ka kai ta wajen mai injin wasa wuƙa a kasuwa, zai cinye maka rabin ƙarfen. Ƙaramin dutsen washi ya isa. In ta yi tauri, ka buɗe ta ka rufe cikin ruwan ɗumi, ka shanya, ka ɗiga mai a mahaɗar.

In za ka hau jirgin sama, sa ta a babbar jakar da za a auna. A Ingila kuwa, doka ta yarda ka riƙe mai naɗewa wadda ba ta kullewa, matuƙar kaifinta bai wuce inci 3 ba.