Yadda nake samun hoton bayan ido mai tsabta

Aikina ɗaukar hoton retina ne, wato shimfiɗar da ke can ƙasan ido mai karɓar haske, kuma yawancin masu zuwa wurina masu ciwon suga ne. Abin da likita ke nema a hotonsu ɗigon jini ne ƙanana kamar tsinin allura. In hoto ya yi dishi-dishi, ɗigon nan sai ya ɓuya, a sallami mutum alhali idonsa na lalacewa. Shi ya sa ba na gaggawa.

Ka fara da ƙofar ido, wato baƙar hudar da ke tsakiyar ƙwayar ido. Kyamarar da ba ta buƙatar magani ma tana son faɗinta ya kai kamar milimita 4, don haka ka kashe fitilu, ka sauke labule, mutum ya zauna a duhu na 'yan mintoci. In ba ta buɗe ba, sai a ɗiga maganin buɗe ƙofar ido, tropicamide mai kashi 1, a jira minti 20 zuwa 30. Idonmu mai duhu yana jinkirin amsa maganin, wani lokaci sai an ƙara ɗigo. Amma kafin ɗigawa a haska tocila daga gefe a duba zurfin gaban idon. In ya yi ƙunci, maganin na iya tayar da hawan jinin ido, sai a kira likita. Ka kuma gaya wa mutum ganinsa zai yi hazo na awa 4 zuwa 6, kada ya tuƙa babur.

Sannan zama. Haɓa a mazauninta, goshi manne da madauri. Tsofaffi kan ja da baya suna jin tsoron hasken, sai in ce, "Baba, a jingina goshi, a kalli koren ɗigon nan kawai." Daf da dannawa nakan ce, "A ƙifta sau biyu, a buɗe sosai." Ƙiftawar na shimfiɗa hawaye a kan ido, busasshen ido kuwa yana dusar da hoto kamar gilashin da aka huci. In gashin ido ya sauko, ka ɗaga fatar sama da auduga a hankali.

Hoton da kansa zai faɗa maka matsalarsa. Jinjirin wata mai ruwan lemo a gefe yana nufin haske na bugun gefen ƙofar, ka matsar da kyamara zuwa ɗaya ɓangaren. Farin hayaƙi kuwa tazara ce ba ta daidaita ba. Tabon da ke fitowa a wuri ɗaya a hoton kowa ƙura ce a gilashin kyamara. Lokacin hunturu kullum nakan busa iska in goge da ƙyallen gilashi kafin mutum na farko. Saitin gani ka ɗora shi kan siraran jijiyoyin da ke kusa da kan jijiyar gani, wato da'irar nan mai haske da jijiyoyin ke fitowa daga cikinta a hoton. In sun fito tsaf, sauran ma za su fito.

Bayan walƙiya ƙofar kan tsuke, ka dakata kafin ido na biyu. Turawa ta WhatsApp kuma a yi ta a matsayin fayil, don kada a matse hoton.

Wani idon duk dabararka ba zai fito ba, galibi saboda yanar ido. Irin wannan ka rubuta a kansa cewa ba ya karantuwa, ka tura mutumin wurin likitan ido ya duba da kansa.