Yadda za ka buga tsofaffin gem ɗin Commodore da Spectrum a laptop ɗinka

Yawancinmu 'yan Agege da Sega da Nintendo muka taso, to amma ni akwai wani maƙwabcinmu da babansa ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa, shi ya kawo masa Commodore 64 da ɗan akwatin kaset ɗinta, sai mu cika falonsu muna jiran gem ya gama lodi minti biyar, minti goma, allo na ta walƙiya da layuka kala-kala, yana dab da gamawa sai a ɗauke wuta, wayyo Allah, sai a mayar da kaset baya a jira. Yanzu kuwa duk wannan tsohuwar laptop ɗin da ka ajiye za ta buga su ba tare da ta ko yi zafi ba.

Abin da kake buƙata emuleta ne, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar. Commodore 64 ka sauke VICE, ZX Spectrum ka sauke Fuse, duka kyauta ne. Amiga kuma WinUAE, sai dai ita sai ka samo fayil ɗin Kickstart, wato manhajar da ke tada injin, kuma hanyar halak ta samunsa ita ce sayen Amiga Forever, don haka ni na ce ka fara da biyun farko. Fayilolin gem za ka gansu da .d64 ko .t64 na Commodore, .tzx ko .tap ko .z80 na Spectrum. Jawo fayil ka saki a kan tagar VICE zai tashi da kansa, in kuma kana son ka yi irin na da, ka haɗa fayil ɗin .d64 ta menu, rubuta LOAD"*",8,1 ka danna enta, in ya ce READY ka rubuta RUN. Lodi ya dame ka, danna Alt da W ya ruga a guje, amma ka tuna ka kashe shi kafin wasa ya fara in ba haka ba kafin ka ƙifta ido an kashe ka.

Inda mutane ke makalewa su ce abin ba ya aiki shi ne joyistik. Commodore rami biyu gare ta, kuma yawancin gem rami na 2 suke amfani da shi, saboda haka in ka danna komai shiru, ba lalacewa ya yi ba, danna Alt da J ka musanya ramukan. Sannan joyistik ɗin wancan zamanin maɓalli ɗaya tak gare shi, tsalle sai ka tura sanda sama. Ka sayi fad mai USB a Computer Village ko Alaba, mai araha ma ya isa, ka shiga saiti ka ɗora "sama" a kan maɓalli na biyu, wallahi wannan kaɗai zai sauya maka wasan. A Spectrum kuwa ko ka zaɓi Kempston, wato wani irin joyistik na Spectrum, a menu na gem ɗin, ka kunna shi a saitin Fuse ma, ko ka yi da kibod irin na da: Q sama, A ƙasa, O hagu, P dama.

Shawarata, kafin ka buɗe na kwamfuta ka fara buga na asali a emuletar MAME ko da minti biyar ne, wato na babban injin nan na tsaye da ake jefa wa sulalla. Sai ka ga irin matsin da masu shirya gem suka yi. Ɗauki R-Type da kamfanin Irem ya fitar a 1987, shekara ɗaya bayan nan Bob Pape ya cusa shi cikin Spectrum mai ƙwaƙwalwa 48K, wanda hoton da ka ɗauka da waya jiya ma ya ninka shi sau da yawa, injin da kala biyu kawai yake iya nunawa a kowane ɗan murabba'i na ɗigo takwas-takwas, shi ya sa za ka ga kala na zuba a jikin abu in ya gifta. Duk da haka gem ɗin ya fito da manyan dodanninsa. Bubble Bobble na Commodore ma ya yi kyau sosai, ku zauna ku biyu da ƙaninka ku sha dariya. Commando na Commodore an yanke shi, mataki uku ne kacal, amma sautin da ke fita daga guntun SID, wato na'urar sautin Commodore, ya biya kuɗin.

Double Dragon na Commodore kuwa, hmm. Mutanen ciki an haɗa su ne gida biyu, sama da ƙasa, har rata kake gani a ƙugunsu kamar an sare su da adda. Mu dai lokacin ba mu san wani abu ya fi shi ba, har faɗa muke a kan layi. Ka buga shi sau ɗaya don tarihi.

Ka bar saitin a PAL, wato tsarin talabijin na Ingila, kamar yadda yake zuwa, don yawancin waɗannan a Ingila aka shirya su, in ka juya NTSC na Amurka sauti zai yi sauri wasu ma su rikice. Kuma ka riƙa ajiye sinafshot, wato adana wasan daidai inda ka kai, kafin kowane babban dodo, musamman a Ghosts 'n Goblins, don bugu biyu ne ka mutu, na farko ma daga kai sai gajeren wando.