Yadda za ka ɓoye lambar MAC ta laftof ɗinka a Wi-Fi na jama'a

Duk laftof ɗin da ke kama Wi-Fi tana da wata lamba da ta zo da ita tun daga masana'anta, ana ce mata MAC, haruffa ne da lambobi guda 12 an jera su bibbiyu. Shidan farko suna nuna kamfanin da ya ƙera katin Wi-Fi ɗin, shidan ƙarshe kuma na katinka ne. Kamar lambar mota take, ko ka goge tarihin burauza ko ka yi wa kwamfutar fomat tana nan yadda take, kuma duk inda ka jona Wi-Fi, otal ne ko filin jirgi ko gidan cin abinci, rawutar wurin, wato na'urar da ke raba Wi-Fi ɗin, sai ta gan ta. To in kamfani ɗaya ke kula da Wi-Fi na wurare da yawa, ai ka ga zai iya sanin ranar da ka zo nan, da ranar da ka je can, da awa nawa ka zauna.

Kar ka ce tatsuniya ce. A 2013 wani kamfani ya maƙala na'urori a kwandunan shara na tsakiyar Landan suna kwasar lambobin MAC na wayoyin masu wucewa, sai da hukumar birnin ta ce a daina. Wayoyi dai yanzu sun samu sauƙi, tun daga Android 10 da iOS 14 da kansu suke ba da lambar bogi, laftof ce aka bari a baya musamman mai Windows, don ita sai ka kunna da hannunka.

A Windows 10 ko 11 ka shiga Settings, ka latsa Network & internet, sannan Wi-Fi, za ka ga Random hardware addresses, ka kunna shi. Amma fa nan mutane ke yin kuskure, wannan kunnawar sabbin netwok take shafa, waɗanda ka riga ka taɓa jonawa sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ta Manage known networks, ka buɗe kowanne ka zaɓa masa On ko Change daily. Ni na otal da na filin jirgi Change daily nake sa musu, kullum da sabuwar lamba. In ka duba ba ka ga zaɓin ba gaba ɗaya to katin Wi-Fi ɗinka ne ko direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin, bai goyi bayan abin ba, gwada sabunta direban, in ya ƙi to haƙuri, tsofaffin laftof da yawa haka suke.

Don ka tabbatar ya yi aiki, buɗe cmd, wato wurin rubuta umarni na Windows, ka rubuta getmac /v kafin ka kunna, ka kwafe lambar a takarda, sai ka kunna, ka cire Wi-Fi ka sake jonawa ka ƙara dubawa. Lambar bogi tana da alama, harafinta na biyu zai zama 2 ko 6 ko A ko E.

Masu kwamfutar Apple, wato Mac, sai da macOS Sequoia ta fito a 2024 suka samu nasu, System Settings, Wi-Fi, Details, sai Private Wi-Fi address, ka zaɓi Rotating. 'Yan Linux kuma kun san kanku, macchanger ko ku saita cloned-mac-address ya zama random a NetworkManager.

Yanzu inda abin ke cizo. Wasu wuraren da lambar MAC suke gane ka, kamar Wi-Fi na makaranta ko ofis da aka yi wa kwamfutarka rajista, ko otal mai sayar da bocha. Na taɓa sayen na kwana uku a wani otal, washegari da safe lamba ta canza, shafin shiga ya ce bai san ni ba, na sauka risefshan muna ta jayayya da yaron wurin ina cewa sun cuce ni, ashe laifin nawa ne. Irin wannan otal ɗin ka sa On kawai, lambar bogi ce amma guda ɗaya da ba ta canzawa a netwok ɗin, gida da makaranta da ofis kuwa ka bar shi a Off ma ba komai.

Sannan kar wani ya ɗauka ya zama ɓoyayye. Lambar MAC ba ta wuce rawuta, shafukan intanet dama can ba ita suke gani ba, kuma canza ta ba ya rufe abin da kake turawa, wannan aikin HTTPS ne da VPN, hanyoyin da ke kulle saƙo don kar wani ya karanta shi a hanya. In shafin shiga ya nemi lambar wayarka ka ba shi, to ka gama faɗin ko kai waye. Akwai kuma sunan kwamfutar kanta, Windows tana aika shi ga rawuta lokacin da take neman adireshin IP, wasu sai ka ga cikakken sunansu ne a kai har da na mahaifi. Shiga Settings, System, About, latsa Rename this PC, ka sa mata wani abu kamar PC-01 ka yi ristat.