Yadda za ka shirya hawa tsaunukan Upper Mustang a Nepal

'Yan uwa kun dame ni da tambaya tun da na dawo Gusau, to ga shi.

1. Fara da ganin likita. Mai sikila ya haƙura kawai, Lo Manthang, babban garin yankin, ta kai tsayin kusan mita 3,800, iska ba ta isa a can.
2. Nemi biza tun daga gida, fasfon Najeriya ba a buga mai biza a filin jirgin Kathmandu.
3. Nemo kamfani mai rajista, su ne za su ciro maka famit su haɗa ka da ɗan jagora, ba a shiga kai kaɗai, akwai shingen bincike a Kagbeni, ƙauyen da ke mashigar yankin.
4. Yi wata biyu kana tattaki da jaka a baya, in hanya da lafiya ka gwada dutsen Kwatarkwashi.
5. Sayi takalmin but ka taka shi sosai kafin tafiya. Sabo fil sai ya sale maka ƙafa.
6. Sayi jaket mai kauri, sanyin can ya ninka hunturunmu.
7. Hau a hankali. Nan ake kuskure, in ka wuce mita 3,000 kar wurin kwananka ya ƙaru fiye da mita 500 a rana, ciwon kai da amai suka taso ka faɗa ma ɗan jagora ku sauko, ban da nuna jarumta.